Karon Sakata da Allura

A gidanmu Ƙarama muke ce mata, domin ita ce autar mata. Sunan ya bi ta har ta girma ta fi kowa tsawo a gidan, har da Baba. Idan baƙo ya zo Umma ta ce, "Ƙarama, kawo ruwa," sai ka ga ya zuba ido ƙasa yana jiran wata 'yar mitsitsiya, sai ga mutum ta sunkuyo ta ƙofa da kofi a hannu. Ni ce yayarta, babbar gidan. Ina aiki a wani kemis da ke bakin titi. Abin da zan faɗa a nan, wani da idona na gani, wani kuma ita ta ba ni labari da bakinta.

Baba mai gyaran firiji da fanka ne. Umma tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Babu wanda ya san kan ƙwallo a gidan nan. Ƙarama ta koye ta ne a filin da ke bayan shagon Baba, inda ake jibge firijin da suka gagari gyara. Biyu daga cikinsu ta ja ta tsayar, suka zama raga. Daga makaranta can take wucewa, ta yi ta dukan ƙwallo tana jefawa tsakaninsu, Baba na leƙowa yana cewa ta yi a hankali kada ta fasa masa gilashin mutane.

A makaranta 'yar gaba ce, kuma tana cin ƙwallaye, amma gaskiya tsawo ne yake ci mata. Sauran yaran a kafaɗarta suke tsayawa. Da ta gama sakandare sai malamar wasanninsu ta ji labarin wata ƙungiyar ƙwararru ta mata a wani gari tana gwajin sababbin 'yan wasa, ta zo har gida ta roƙi Baba ya bar ta ta je. Mun zaci za a sha daga. Baba ya goge hannunsa da tsumma ya yi tambaya biyu kawai: akwai likita a wurin, kuma ana rufe ƙofar gidan da za su zauna? Da aka ce masa e, ya ce Allah ya ba da sa'a. Umma ce ta yi ta ƙorafi, ita damuwarta ƙafafu ne. "Yarinya ta je ta dawo mini da gwiwa kamar ta ɗan dako," in ji ta. Amma ita ce ta zauna ta ɗinka mata jakar da ta zuba kayanta.

Mai horar da ƙungiyar mace ce, tsohuwar 'yar wasa, tana ɗan ɗingishi, kowa Koci yake ce mata. Ta tsaya ta kalli Ƙarama tana wasa a gaba har aka tashi, sannan ta kira ta gefe.

"Wa ya ce miki ke 'yar gaba ce?"

"A makaranta ni nake cin ƙwallo, Koci."

"A makaranta da yara kike wasa. Nan idan kika juya sau ɗaya, masu tsaron baya sun sha ruwa sun dawo. Amma na lura da wani abu. Duk lokacin da aka ƙwace ƙwallo, kafin a buga ta kin riga kin san inda za ta faɗi. Idan za ki koma baya, zan ɗauke ki. Idan gaba kike so, tasha na nan kusa."

Ta kira ni a waya tana huci. "Yaya, wai baya! Wa yake sanin mai tsaron baya? Sai ranar da aka ci ƙwallo ake tuna da ita." Na ce mata ni ban san gaba ba, ban san baya ba, abin da na sani shi ne mutum ba ya zuwa neman aiki a ba shi ya tsaya zaɓen kujera. Ta yi tsaki ta kashe wayar. Washegari ta sa hannu a kwantiragi.

Na taɓa kai mata ziyara a gidan da ƙungiyar ta ajiye su. Ɗaki ne mai gadaje hawa biyu, ga warin man zafi ya kama labule, ga takalman ƙwallo jere a kan taga suna shan rana, ga bokitan roba da suke zuba ƙanƙara su tsoma ƙafa bayan atisaye. Gadonta ya yi mata gajarta, sai ta ajiye kujera a ƙarshensa tana ɗora diddige.

Wadda ta riƙe ta a wurin ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar, babbar mace mai 'ya'ya biyu, wadda ta daɗe tana tsaron baya. Ita ta koya mata aikin tun daga tushe. Kada ki kalli ƙafar 'yar gaba, ƙafa maƙaryaciya ce, kalli ƙugunta. Kada ki zube ƙasa sai kin tabbata, wadda ta zube ta fita daga wasa. Abin da ya fi ba Ƙarama wuya shi ne magana. A gida ma sai ta wuni ba ka ji muryarta ba, ga shi mai tsaron baya dole ta yi ta ihu tana shirya na gabanta. Kyaftin ta kan tsayar da atisaye ta ce, "Ban ji ki ba! Ko kuɗi ake biya kafin ki buɗe baki?" A hankali muryar ta fito, kuma da ta fito sai ga ta da kauri, har mai tsaron raga ta ce ta fi son shirun da. Kyaftin ce kuma ta raɗa mata suna Sakata, ranar da ta hana 'yan gabansu wucewa tun farkon atisaye har ƙarshe. Ta ce yarinyar nan idan ta shiga ƙofa ta rufu ke nan.

Duk da haka ta daɗe a benci. Baba ya gyara wata tsohuwar talabijin ya rataye a shago, duk ranar da aka nuna wasansu sai ya tara maƙwabta. Ana wucewa da kyamara ta gefen fili zai daka tsalle ya ce, "Ga gwiwarta can!" Har mai facin da ke kusa da shi ya fara tsokanarsa yana tambaya ko aikin zama aka ɗauke ta.

Dama ta zo ne da aka ba abokiyar tsaron Kyaftin jan kati. Aka sa Ƙarama, ta yi wasa mai tsabta, aka sake sa ta, ta ƙara. Ko da waccan ta gama hukuncinta, Koci ba ta mayar da ita ba. Sai aka zo wasa da wata ƙungiya mai ƙarfi, a filinsu Ƙarama, ta matsa mana lallai mu zo. Umma ta ce zuciyarta ba za ta iya ba. Ni da Baba muka hau mota muka tafi. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya zauna a kan kujerar siminti yana gaya wa duk wanda ke kusa cewa doguwar can 'yarsa ce.

Waccan ƙungiyar tana da wata 'yar gaba siririya, gajera, mai saurin tsiya, ana ce mata Allura saboda duk ƙanƙantar kafa sai ta bi ta wuce. Ita aka ba Ƙarama ta tsare. Kafin hutun rabin lokaci sun yi ta gwada juna, wani lokaci Allura ta zille, wani lokaci ta tarar da ƙofa a rufe. Bayan an dawo sai aka bugo wata doguwar ƙwallo daga gefe zuwa bakin raga. Na ga Ƙarama ta ɗaga kai tana bin ƙwallon da ido, ta taho da gudu ta yi sama. Allura kuma ta taho ta ɗaya gefen, ita ma idonta na sama. Babu wadda ta ga 'yar'uwarta.

Ƙarar haɗuwarsu har inda muke zaune ta iso. Ƙwallon ta yi waje. Ƙarama ta faɗi a gwiwa ta miƙe tana dafe da gira. Allura kuwa ta juya a iska ta sauko a kan kafaɗa da wuya, ta kwanta, ba ta ƙara motsi ba.

Filin ya yi tsit. Alƙaliyar wasa ta yi ta ɗaga hannu tana kiran likitoci. Suka durƙusa a kanta, suka riƙe kanta da hannu biyu, suka sa mata wani abin roba a wuya, suka ɗaure ta a kan katako. Motar asibiti ta shigo har cikin fili. Ƙarama na tsaye a gefe, jini na bin gefen fuskarta yana ɗiga a riga, ba ta ma sani ba. Baba ya kama hannuna ya matse har na ji zafi, bakinsa na motsi da addu'a.

Ba a ba ta kati ba, domin babu laifi, ƙwallo ta je nema kuma ita ta taɓa ta. Aka ɗaure mata gira aka ci gaba da wasa, amma gangar jikinta ce kawai a filin. Ba a jima ba Koci ta cire ta.

Da aka tashi muka same ta a bayan ɗakin sauya kaya, zaune a kan wani bulo. Abin da ta fara cewa shi ne, "Baba, ba ta motsa ba. Na duba yatsunta, ba su motsa ba." Baba ya ce mata Allah ne mai rayawa, ta bari a ji daga asibiti. Ya cire hularsa ya mayar.

Daga asibiti kuwa ba a ji komai mai gamsarwa ba. Ƙungiyar su Allura ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa tana hannun likitoci, a taya ta da addu'a, shi ke nan. Sai mutanen waya suka karɓi zancen. Wani ya ce wuyanta ya karye, wani ya ce ba za ta sake tafiya ba, wani ma ya sa hotonta ya ce ta cika. Aka yanko bidiyon karon ana ta yaɗawa, ana rage masa gudu, ana zagaye kafaɗar Ƙarama da jan layi. Waɗanda ba su taɓa kallon wasan mata ba duk suka zama alƙalai. Har a kemis wani ya zo sayen maganin mura yana nuna wa abokinsa, yana cewa dubi wannan ƙatuwar, da gangan ta yi. Na ba shi maganinsa, na juya wajen mai saye na gaba. Ƙarama ta samo lambar Allura ta yi ta kira, wayar a kashe. Daga baya aka ce an sallame ta daga asibiti an kai ta gida, amma a wane hali, babu wanda ya faɗa.

Abin ya shiga jikinta. Abinci sai an matsa mata. A atisaye, idan ƙwallo ta taso sama sai ta tsaya tana waige-waige har a riga ta. Idan 'yar gaba ta taho sai ta yi ta ja da baya kamar mai ba baƙo hanya. Yaran da a da ba sa iya wuce ta suka koma wuce ta suna dariya, daga baya ma suka daina dariyar don abin ya zama abin tausayi. Koci ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ta wurin likitan ƙungiya ya yi mata bayani, duk a banza. Ƙarshe ta mayar da ita benci, ta ce ba za ta sa mai tsoro a baya ba, domin mai tsoro ita ce ke jawo wani raunin.

Wata ranar hutu da hantsi sai ga Ƙarama a gida da jakarta, da takalman a rataye a wuya. Ta ce ta gama. Ta ce in nema mata aiki a kemis ko da share-share ne. Umma, wadda tun farko ba ta son ƙwallon, na zaci za ta yi murna. Sai ta dube ta ta ce, "Je ki kwanta tukuna," ta ci gaba da taka kekenta. Da Ƙarama ta shige ɗaki Umma ta tsayar da keken ta ce mini a hankali, "Ni na fi son ta bari, amma ba irin wannan barin ba. Wannan ko ta bari yana nan tare da ita."

Tana gida tana kwance-kwance, sai ga wata 'yar ƙaramar mota mai hayaƙi ta tsaya a ƙofar gidanmu da safe. Kyaftin ce. Ta gaida Umma har ƙasa, ta ƙi zama, ta leƙa ɗaki ta ce, "Sakata, tashi ki wanke fuska. Na samo gidansu. Yau za ki gan ta da idonki."

"Anti, ba zan iya ba. Idan na tarar ba ta tafiya fa? Me zan ce wa mahaifiyarta?"

"Sai ki ce sannu. Abin da kike gani a cikin kanki kullum ya fi duk abin da za ki tarar a can muni. Tashi."

Ƙarama ta dube ni. Na kira mai kemis na ce masa yau ba zan samu zuwa ba, na shiga bayan motar.

Tafiya ce mai ɗan nisa. Kyaftin na tuƙi tana ba mu labarin 'ya'yanta da yadda ƙaramin ya zuba mata omo a cikin shayi, ni kaɗai nake dariya. Muka tsaya a hanya na sayi lemo da ayaba don kada mu shiga hannu rabbana. Gidan bene ne mai ɗakuna da yawa, matakalarsa ƙunci, an shanya kaya a kan kowane ƙarfe. A hawa na biyu Ƙarama ta tsaya ta juya za ta sauka. Kyaftin ta sa hannu a bayanta ta tura.

Wata dattijuwa ce ta buɗe ƙofa, gajera, fuska ba wasa, da tabarau a kan hanci. Kyaftin ta gabatar da kanta, ta ce mun zo duba mai jiki. Dattijuwar ta ɗaga kai tana kallon Ƙarama, ta ƙara ɗagawa, har ta tsaya a kan tabon girarta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Mama."

Matar ta ƙura mata ido har na fara neman hanyar sauka. Sannan ta matsa gefe ta ce, "To shigo. Ki sunkuya, ƙofarmu ba ta saba da irinku ba."

Muna shiga falon muka ji murya daga ciki tana cewa, "Mama, su wa ye? Idan masu addu'a ne ki ce musu na warke, su kawo abin ci!" Sai ga Allura ta fito daga ɗaki, da ƙafafunta, tana jan silifas, hannu ɗaya rataye a cikin majanyi, da robar nan a wuya, ɗaya hannun riƙe da ɓawon ayaba.

Ƙarama ta kalli ƙafafun nan suna takowa. Sai kawai ta sulale ta zauna a ƙasa a tsakiyar falon mutane, ta rufe fuska da hannu, ta fashe da kuka irin wanda rabon da in ji ta yi tun tana 'yar firamare. Ni ma ban san lokacin da ledar lemon ta kuɓuce mini ba, lemon suka gangara ƙarƙashin kujera.

Allura ta tsaya sororo. Da yake ba ta iya juya wuya, sai ta juyo da dukan jikinta wajen Kyaftin ta ce, "Anti, lafiya? Wani ya rasu ne?"

"Ke aka ce kin rasu," in ji Kyaftin.

"Ni? Yaushe? To wa ya gaji takalmana?"

Ashe ba ta san komai ba. Mahaifiyarta ta yi mana bayani. Kanta ya bugu sosai, shi ya sa ta suma, ƙashin kafaɗarta ya tsage, jijiyoyin wuya sun ja, amma wuyan bai karye ba, kuma tun a cikin motar asibiti ta farfaɗo tana tambayar ko ƙwallon ta shiga. Likita ya ce kada ta kalli waya ko talabijin sai kan ya huce, ita kuwa Mama ta ɗauki maganar da gaske, ta kashe wayar ta kulle a cikin akwati, ta hana kowa kawo musu surutun waje. "Da na san ana can ana cin naman yarinyar mutane, da na fito na yi magana," in ji ta. Ta sunkuya ta dafa kan Ƙarama. "Tashi, 'yata. Ina filin ranar. Na ga idonki, sama yake kallo. Tawa ma sama take kallo. Tun tana rarrafe ba ta duban gabanta."

Muka wuni a gidan. Allura baki gare ta kamar rediyo. Ta sa Ƙarama ta nuna mata ɗinkin girarta, ta ce ashe ita ma ta bar mata shaida, ranta ya yi sanyi. Da Kyaftin ta faɗa mata cewa Sakata ta daina tsalle har ta kwashe kayanta ta koma gida, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ke, kada ki yi mini haka," ta ce. "Ni zan dawo. Kuma ranar da muka haɗu, idan kika ba ni hanya don tausayi, wallahi ba zan yafe miki ba. So kike a ce na ci ƙwallo don an ji tausayina? Ki taso da ƙarfinki. Ni ce dai zan riƙa dubawa kafin in yi tsalle kusa da bango."

A hanyar dawowa Ƙarama ta cinye ayabar da Mama ta dawo mana da ita, ta sa aka tsaya ta sayi burodi, ta cinye, sannan ta jingina kai da gilashi ta yi barci baki buɗe. Kyaftin ta dube ta ta madubi ta ce mini, "Kin ga yunwar makonni."

Na so in ce daga ranar komai ya koma daidai, amma ba haka aka yi ba. Zuciya ta kwanta, jiki kuwa bai manta ba. Ta koma ƙungiya, ta ba Koci haƙuri, Koci ta ce benci na nan inda ta bar shi. Kullum bayan atisaye Kyaftin ta kan tsaya da ita. Da farko jefo mata ƙwallo kawai take yi ta sa kai ita kaɗai. Daga nan ta koma tsayawa kusa da ita. Daga nan ta fara tasowa tare da ita tana bangazarta da kafaɗa. Ranar da Ƙarama ta yi sama ta ture Kyaftin har ta zauna daɓas a ƙasa, ta ruga za ta ɗaga ta tana ba da haƙuri, Kyaftin ta buge hannunta ta ce, "Bar ni, wannan faɗuwar na daɗe ina jiranta." A hankali aka fara sa ta ƙarshen wasa, sannan rabi, sannan ta koma wurinta.

Sai dab da ƙarshen kakar wasa suka sake haɗuwa da ƙungiyar su Allura, a can filinsu. Ban samu zuwa ba, a shagon Baba muka kalla, shagon ya cika har waje. Abin mamaki har Umma ta zo, ta zauna a kan wata kujera ta juya wa talabijin baya, tana tambayarmu abin da ke faruwa. Allura ba ta daɗe da warkewa ba, sai bayan hutun rabin lokaci aka sako ta. Tana shigowa ta nufi Ƙarama kai tsaye ta ce mata wani abu a kunne. Daga baya na tambaya, ashe cewa ta yi, "Na zo karɓar hanyata."

Ba a jima ba aka bugo ƙwallo sama tsakaninsu. Na ga Ƙarama ta saci kallon gefe sau ɗaya, sannan ta tashi, gaba ɗayanta, ta sa kai ta mayar da ƙwallon har tsakiyar fili. Kafaɗunsu suka gogu, Allura ta faɗi ta mirgina. Kafin Baba ya gama salati ta miƙe tana karkaɗe wando, tana nuna Ƙarama da yatsa tana zazzaga mata masifa. Shagon ya kaure da ihu. Umma ta ce, "Me ya faru? Ta tashi?" Muka ce ta tashi. Ta ce alhamdulillahi, ta juyo da kujerarta.

Dab da tashi Allura ta yi abin da ta saba. Ta yi kamar za ta dama, Ƙarama ta bi, ta zille ta hagu ta zura ƙwallo a raga. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Kyamara ta nuno Ƙarama tana tsaye hannu a ƙugu, an ci su ta wurinta, amma bakinta har kunne. Daga baya ta gaya mini cewa a ɗakin sauya kaya Koci ta wanke ta tas, ta ce ba ta taɓa ganin mai tsaron bayan da aka yi wa irin wannan yankan tana washe baki ba, kuma idan ta sake sai ta zagaya fili har ta manta sunanta. Da ta gama faɗan ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta shirya, za a sabunta mata kwantiragi.

Yanzu tana kakarta ta biyu. Ba ta ci kofi ba tukuna, ba a san ta a ko'ina ba in ban da garinsu da layinmu, kuma har yanzu Koci na cewa ƙafarta ta hagu ta ado ce. Da aka buɗe kasuwar 'yan wasa ƙungiyarsu ta sayi sabuwar 'yar gaba, ba kowa ba ce illa Allura, aka kuma haɗa su ɗaki ɗaya, ita a gadon sama. Shekaranjiya Ƙarama ta kira ni ina tsakiyar sallamar masu saye, ta ce, "Yaya, don Allah ki samo mini abin toshe kunne a kemis ɗinku. Yarinyar nan tun da ta zo ba ta yi shiru ba, ga shi ta ƙwace mini silifas, wai diyya ce." Ina jiyo muryar Allura daga baya tana cewa a gaishe da Umma, kuma a tambaye ta ko ta gama ɗinkin rigar da ta yi mata alkawari.